Ilmin Likita a Hannun Wanda Ba Likita Ba

A zamanin En'e, mafi yawan mutanen karkara a Arewacin Nijeriya ba su taɓa yin ido biyu da likita ba. Wanda suka sani shi ne disfensa, mai kula da ɗakin shan magani na gunduma. Likitoci suna birni, masu ciwo suna ƙauye. Saboda haka tarihin kiwon lafiya matakin farko, in an lura, tarihi ne na ƙoƙarin rubuta ilmin likita yadda ƙaramin ma'aikaci zai yi aiki da shi ba tare da ya yi ɓarna ba.

Ɗaya daga cikin muhimman gwaje-gwaje na wannan hanya a Nijeriya aka yi shi. A shekarar 1956 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, ya zo ƙasar Yarabawa, ya yi aiki a garin Imesi-Ile. A can ya tsara asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, inda nas da ungozoma ke duba yara, sai abin da ya gagara ake kai wa likita. Ya kuma fito da katin awon nauyi, wanda uwa ke ajiyewa a hannunta. In layin nauyin yaro yana hawa, to lafiya lau; in ya tsaya ko ya gangara, akwai matsala, ko da kuwa yaron bai kwanta ba.

Daga baya duniya ta bi sawu. A 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin magunguna wajen 200 waɗanda ta ce su ne na tilas. A Satumban 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata, cikin Tarayyar Sobiyet ta wancan lokaci, suka amince cewa matakin farko shi ne ginshiƙin kiwon lafiya.

A nan gida, wanda ya fi tsayawa kan wannan manufa shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka ƙarfafa horar da ma'aikatan lafiyar al'umma, da kuma aiki da littafin ƙa'idoji da ake kira Standing Orders. Littafin yana bin mara lafiya daki-daki: tambayoyin da za a yi masa, abin da za a duba a jikinsa, maganin da za a ba shi, da alamun da ke nuna cewa lalle a tura shi babban asibiti.

Wannan umarni na ƙarshe shi ne ruhin littafin, domin yana koya wa ma'aikaci iyakar saninsa. Amma umarni a takarda ba ya warkarwa. In littafi ya ce a ba da magani alhali kabad babu kome, ko ya ce a tura mai naƙuda alhali babu mota, to ilmin ya tashi a banza. Marubuta sun sauke nasu nauyin. Saura yana wuyan masu kasafin kuɗi da shugabannin ƙananan hukumomi.