Muryar Tata Ce, Faifan Na Wani

A watan Yunin 2022 wata mawaƙiya 'yar Landan mai suna Raye ta saki waƙar "Hard Out Here", inda ta wanke manyan kamfanonin waƙa tas, ba sabulu. Ba haka siddan ta fusata ba. Shekara guda kafin nan ta fito fili ta ce tun 2014 take ɗaure da yarjejeniyar kundi huɗu da kamfanin Polydor, amma ko ɗaya ba a bar ta ta fitar ba. Sai dai ta rubuta wa wasu waƙa, ko a ari muryarta a ɗora kan kiɗan wani. Da tura ta kai bango ta raba gari da kamfanin, ta fitar da kundinta da kanta a 2023. A Maris na 2024 ta kwashe lambobin yabo shida na Brit a dare ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin bikin.

Kusan duk shekara sai an sami sabuwar waƙa irin wannan a Amurka ko Ingila, 'yan jarida su yi ta cewa wance ta fasa ƙwai. Amma kukan ya haura shekara ɗari, kuma duk inda aka bi sawunsa sai a tarar ya ƙare a kan wata takarda da aka sa wa hannu a ofis.

Ranar 14 ga Fabrairun 1920 Mamie Smith ta shiga ɗakin naɗar sauti na kamfanin Okeh a birnin New York. Wani marubucin waƙa, Perry Bradford, shi ya yi ta sintiri a ofisoshin Turawa masu kamfanoni yana roƙon su gwada muryar baƙar mace, domin a lokacin sun ɗauka baƙaƙen fata ba su da kuɗin sayen faifan garmaho. A watan Agusta ta naɗi "Crazy Blues". An ruwaito cewa faifai dubu 75 aka sayar a wata na farko kawai. Nan take idon kamfanoni ya buɗe, kowa ya bazama neman tasa zabiyar. Wato kasuwar faifan baƙaƙen fata ta Amurka, wadda daga baya ta haifi kaɗe-kaɗen da duniya ke rawa da su yau, da muryar mata aka buɗe ta.

Wadda ta fi kowa tashe a cikinsu ita ce Bessie Smith, 'yar Chattanooga ta jihar Tennessee, wadda tun tana yarinya take waƙa a bakin titi ana jefa mata kwabbai. Kamfanin Columbia ya ɗauke ta a 1923. Faifanta na farko, "Downhearted Blues", ya yi cinikin kusan kwafi dubu 780 cikin wata shida, a daidai lokacin da kamfanin ke tangal-tangal. Ta naɗa musu waƙoƙi wajen 160. Tsarin biyanta kuwa irin na 'yar ƙodago ne: dala 125 kan kowace waƙa, daga baya aka kai 200, shi ke nan. Ko faifan ya sayar da dubu, ko ya sayar da miliyan, ba ta da kaso. Su ma waɗanda suka tsara waccan waƙa ta farko mata ne biyu, Alberta Hunter da Lovie Austin, kuma abin da ya shiga hannun Hunter daga cinikin bai wuce dala 368 ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bessie ta yi arziki, gaskiya ne, amma a kan dandamali ta same shi, da yawon gari-gari, har tana da taragon jirgin ƙasa nata na kanta. Da kasuwa ta faɗi a farkon shekarun 1930 kamfanin ya sallame ta. Ta rasu a haɗarin mota a jihar Mississippi a 1937, dubban mutane suka raka gawarta a Philadelphia, sannan kabarin ya zauna shekara 33 babu ko dutsen da ke ɗauke da sunanta. Sai a 1970 mata biyu suka haɗa kuɗi suka sa aka sassaƙa: mawaƙiya Janis Joplin, da Juanita Green, wadda tana ƙarama ta yi aikace-aikace a gidan Bessie. Ita Mamie Smith da ta buɗe ƙofar, nata kabarin ya fi haka daɗewa kafin ya sami alama.

A yi adalci, wannan cuta ba mata kaɗai ta shafa ba. Mawaƙa maza baƙaƙe ma an ci da guminsu, kuma a cikin masu cin har da 'yan uwansu baƙaƙe. Don Robey, mai kamfanin Peacock a Houston, baƙar fata ne. A kamfaninsa Big Mama Thornton ta naɗi "Hound Dog" a 1952, waƙar ta yi mako bakwai a saman jerin waƙoƙin baƙaƙen fata, ita kuwa ta ce cek ɗaya ta taɓa gani, na dala 500. Elvis Presley ya sake rera ta a 1956, ya sayar da miliyoyi. Bambancin shi ne namiji yana iya hawa matakala, yau mawaƙi, gobe furodusa, jibi mai kamfani. Mace akasari a gaban makirfo ake ajiye ta, sai 'yan ƙalilan da suka kutsa, irin su Sylvia Robinson da ta kafa kamfanin Sugar Hill a 1979.

Wanda bai san yadda ake raba kuɗin waƙa ba, ba zai gane inda gizo ke saƙar ba. Duk waƙar da ke kasuwa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Akwai na wanda ya tsara baitoci da karin sauti. Akwai kuma na ainihin abin da aka naɗa a sutudiyo, uwar faifai ke nan, wadda 'yan sana'a ke kira masta, kuma bisa al'ada kamfanin da ya biya kuɗin aiki shi ke riƙe ta. Mawaƙiyar da ba ta rubuta ba, ba ta kuma mallaki masta ba, ɗan abin da yarjejeniya ta yanka mata shi ne nata. Wani ƙarin gishiri a kan miki: har yau dokar Amurka ba ta tilasta wa gidajen rediyon AM da FM su biya mai rera waƙa ko sisi ba. Marubuci suke biya.

Da wannan a zuciya ya kamata a saurari "Respect". Otis Redding ne ya rubuta ta ya fitar a 1965, kuma a bakinsa kukan magidanci ce, wanda ya wuni nema ya dawo gida yana so a girmama shi. Aretha Franklin ta ɗauki waƙar ta juye ta kamar waina. Ita ta zauna a kan fiyano, ita ta sake tsarin kiɗan, ita da 'yan uwanta mata, Erma da Carolyn, suka ƙirƙiro amshin da kowa ya haddace. Sun naɗe ta a New York ranar 14 ga Fabrairun 1967, shekara 47 cif bayan ranar da Mamie Smith ta fara shiga sutudiyo. Mai neman girmamawa ya koma mace, kuma ba roƙo take ba. Waƙar ta hau matsayi na ɗaya, ta ci Grammy biyu, masu fafutikar 'yancin baƙaƙe da masu fafutikar 'yancin mata duk suka mai da ita takensu. Redding da kansa, a bikin Monterey na wannan shekara, ya faɗa cikin raha cewa wata yarinya ta ƙwace masa waƙa.

Ta ƙwace waƙa, amma takarda tana nan da sunansa. Duk sanda gidan rediyo a Amurka ya sa muryar Aretha, kuɗin na zuwa ga masu haƙƙin rubutu ne, wato magadan Redding, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1967, da kamfanin da ke kula da rubutunsa. Haka nan "You Don't Own Me" da Lesley Gore ta rera tana 'yar shekara 17 a 1963, waƙar budurwa mai gaya wa saurayi cewa ita ba kayansa ba ce: maza biyu suka rubuta, John Madara da David White, Quincy Jones ya haɗa kiɗan. Wannan bai rage wa waƙoƙin daraja ba, matan da suka ji ƙarfin gwiwa da su ba mafarki suka yi ba. Sai dai kamfanoni sun gane tun da wuri cewa fushin mata ma haja ce mai tafiya.

Wasu kuma ko sunan ba a bar musu ba. A 1962 furodusa Phil Spector ya sa Darlene Love ta rera "He's a Rebel", ya buga faifan da sunan wata ƙungiyar 'yan mata, Crystals, waɗanda suna kan hanyar yawon wasa suka ji a rediyo wai sun yi sabuwar waƙa. Ta kai matsayi na ɗaya. Shekaru bayan haka Love ta koma aikatau a gidajen attajiran Beverly Hills. Ta ba da labari cewa wata rana tana cikin wankin banɗaki sai ta ji muryarta na tashi daga rediyon gidan, waƙar Kirsimetin da ta yi wa Spector. A ranar ta yanke shawarar komawa waƙa. Ta kai shi kotu, a 1997 aka ba ta kimanin dala dubu 250. Martha Wash kuwa a 1990 jikinta aka raina. Muryarta ce ke tsawa a waƙoƙin Black Box da C+C Music Factory, amma a bidiyo sai aka sa siraran 'yan mata suna motsa baki, don ita mai ƙiba ce. Mai kallon fim ɗin Hausa ya saba ganin 'yar wasa tana bin muryar wata, amma a can kowa ya san tsarin. A nan ɓoye wa mai saye aka yi. Sai da ta shigar da ƙara kafin a fara rubuta sunanta.

Dolly Parton ta karanci wannan darasi da wuri. 'Yar talakawa ce daga tsaunukan Tennessee, su goma sha biyu a wurin iyayensu, amma tun shekarun 1960 ita da kawunta Bill Owens suka buɗe kamfanin da zai riƙe haƙƙin rubutunta. A 1974 ta fitar da "I Will Always Love You", bankwana ga Porter Wagoner, ubangidan da ta yi shekara bakwai a shirinsa na talabijin. Elvis ya ji ya ce yana so. An gama magana, har tana ta shelanta wa mutane, sai manajansa Kanar Tom Parker ya bugo waya: ƙa'idarsu ita ce duk waƙar da Elvis zai rera sai an ba su rabin haƙƙinta. Ta ce a'a. Ta sha faɗa cewa kwana ta yi tana kuka, mutane na ce mata ta haukace. Shekara 18 bayan nan Whitney Houston ta rera waƙar a fim ɗin The Bodyguard, ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya, kuma ba wanda Dolly ta raba kuɗin rubutu da shi.

Masu rediyo da masu shirya wasa su ma suna da tasu al'adar, ta cewa ba a jera mata biyu. Wannan ce ta harzuƙa Sarah McLachlan ta shirya Lilith Fair a 1997, yawon wasa na mata zalla, wanda ya tara wajen dala miliyan 16 a shekarar farko. Duk da haka a 2015 wani mai ba gidajen rediyon kiɗan country shawara, Keith Hill, ya ce a kwanon salak maza su ne latas, mata tumatir ne da ake ɗan yaryaɗawa a kai. Mawaƙa mata suka buga riguna da hoton tumatir suna yi masa shaguɓe.

A Janairun 2018 wani bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya, ƙarƙashin Stacy Smith, ya duba waƙoƙi 600 da suka fi tashe daga 2012 zuwa 2017. Mata sun kai kashi 22 cikin ɗari na masu rerawa, kashi 12 na marubuta, kashi 2 kacal na furodusoshi. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi bikin Grammy, mace ɗaya tilo, Alessia Cara, ta karɓi lambar kanta a ɓangaren da aka nuna a talabijin. Da aka tambayi shugaban hukumar da ke shirya bikin, Neil Portnow, sai ya ce mata su ƙara ƙaimi. Maganar ta tayar da ƙura, ya bar kujerar a 2019. Lambar gwarzon furodusa ta kaɗe-kaɗen zamani kuwa, daga 1975 da aka fara bayarwa har bikin 2025, ba macen da ta taɓa ɗauka.

Rigimar da ta sa yara 'yan makaranta suka san kalmar masta ita ce ta Taylor Swift. Tana da shekara 15 ta sa hannu da kamfanin Big Machine a 2005, ta yi musu kundi shida. A Yunin 2019 aka sayar da kamfanin, har da uwayen faya-fayanta, ga kamfanin Scooter Braun a kan kimanin dala miliyan 300, daga baya aka sake sayar da su ga Shamrock Capital. Abin da ya cece ta shi ne abin da ya ceci Dolly, da hannunta a rubutun waƙoƙin. Don haka ta koma sutudiyo ta sake naɗar kundi huɗu tsakanin 2021 da 2023, ta roƙi masoyanta su bar tsofaffin su saurari sababbin, suka kuwa bi. A ƙarshen Mayun 2025 ta sanar cewa ta sayi asalin faya-fayan, a kan kuɗin da rahotanni suka ce ya kai dala miliyan 360.

Mawaƙiya nawa ke da irin wannan kuɗi, ko irin wannan runduna ta masoya? Su kamfanonin ba su tsaya jiran amsa ba. Tun a 2023 mujallar Billboard ta ruwaito lauyoyin mawaƙa suna cewa manyan kamfanoni sun fara sauya sharuɗɗa a sababbin yarjejeniyoyi. Da can mawaƙi kan jira 'yan shekaru bayan rabuwa da kamfani kafin ya sami damar sake naɗar waƙoƙinsa. Yanzu ana ganin takardun da ke cewa shekara 10, wasu 15, wasu har 30.