Daga Jaki Zuwa Batir: Tarihin Abin Hawa a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan tana arewacin Jihar Kaduna, a inda masarautar Zazzau ta yi iyaka da Kano. Ƙasa ce ta noma, mai tudu da fadama, kuma garuruwanta irin su Saulawa, Paki, Auchan, Gimi, Gubuci, Hunƙuyi da Likoro sun yi suna wajen rake, tumatir, attaruhu, albasa, masara da dawa. Rake yana da nauyi, tumatir kuma ba ya jiran mai saye, saboda haka ribar manomi a wannan yanki tana rataye ne a kan abin da zai kai amfanin gonarsa kasuwa. Cikin shekara ɗari da 'yan kai, abin hawa ya sauya sau da dama, kuma duk wanda ya samu gindin zama sai da ya cika sharuɗɗa uku: ana samun abincinsa a kusa, akwai mai gyaransa a gari, kuma yana mayar da kuɗin da aka saye shi.

Zamanin dabba

Kafin zuwan Turawa, hanyoyin fatauci tsakanin Kano da Zariya sun ratsa wannan ƙasa. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba, ana yada zango a bakin gari inda akwai ruwa da ciyawa. Kanwa da gishiri da baƙin rini na Kano suna yin kudu, goro da ƙarfe da auduga suna yin arewa. Kayan suna tafiya a bayan jaki da takarkari, ko a kan 'yan dako.

Jaki shi ne motar talaka. Ana ɗora masa akumari, a saɓa mangala ko taiki, ya kai hatsi kasuwa, ya kwaso ƙasar gini, ya kai taki gona da rani. Abincinsa kara ne da harawa da dusa, duk daga gonar mai shi, kashinsa kuma yana komawa gonar ya zama taki. Ba a sayo masa komai daga wata ƙasa, kuma jaka tana haihuwa, don haka dukiyar tana ƙaruwa da kanta. Aibinsa shi ne jinkiri da ƙarancin abin da yake ɗauka: tafiyar da mota ke yi yau cikin sa'a biyu takan ci wa ayari kwanaki.

Doki kuwa na sarauta ne da yaƙi. Hakimi da dagaci da attajiri su ke ɗaure shi a turke, domin ciyar da shi sai mai hali. Ko da yake haka, doki ya yi aikin ƙarfi a ƙasar rake. Shi ake ɗaura wa doguwar sanda yana zagaya injin matse rake, ruwan yana zuba, a dafa shi a manyan tukwane har ya daskare ya zama mazarƙwaila. Daga baya injin mai shan gas ya karɓe wannan aiki a wurare da yawa.

Dogo da keke

Layin dogo da ya taso daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, ya kuma bi ta cikin wannan yanki, inda aka yi tashoshi irin na Likoro da Gimi. Daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, Zariya kuma ta zama cibiyar auduga saboda injin gurzar da kamfanin Turawan Ingila ya kafa a can. Jirgin ƙasa bai kashe sana'ar jaki ba, sai ma ya ƙara mata kasuwa, domin dogo ba ya shiga ƙauye. Jaki ne ke kwaso gyaɗa da auduga daga gona zuwa wurin awo da tasha.

Keke shi ne injin farko da ya shiga hannun talaka. Da farko malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa ke hawansa, har hukuma na yanka masa lamba ana biyan kuɗinta duk shekara. Keken Raleigh na Ingila shi ya fi daraja, daga baya Phoenix na ƙasar Sin ya cika kasuwa saboda sauƙin kuɗi. Keke ya karɓu ne domin ba ya cin komai sai ƙarfin mai tuƙa shi, kuma gyaransa bai wuce abin da za a koya a gindin bishiya ba: faci, ɗaurin sarƙa, gyaran birki da miƙe gargare. Kowace kasuwa ta samu mai gyaran keke, aka kuma samu masu ba da haya ga yara. Har yau ana ganin mai keke ya ɗaure damin rake a kariya yana turawa zuwa bakin titi.

Zamanin fetur

Manyan motoci masu bodin katako sun fara shiga kasuwannin ƙauye tun zamanin mulkin mallaka, mutane da buhuna da awaki duk a wuri ɗaya. Da su ne aka samu sababbin sana'o'i: direba, yaron mota, ɗan kamasho, bakanike da mai faci. Amma shekarun 1970 ne suka buɗe ƙofar sosai. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, ƙarin albashin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975 tare da ariyas, aka yi ta sayen babura irin su Honda da Vespa. A wannan shekarar ce kamfanin Fijo ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Fijo 504 ta zama motar babban ma'aikaci da ta tasha gaba ɗaya. A 1980 aka buɗe matatar mai ta Kaduna, a 1981 kuma aka kafa kamfanin sarrafa tumatir a Ikara. A lokacin litar fetur ba ta kai rabin naira ba.

Fetur bai tsaya a kan titi ba, ya gangara fadama. Manomin rani da ya saba ɗebo ruwa da jigo ya koma ga ƙaramin injin ban ruwa, musamman daga shekarun 1980 da ayyukan bunƙasa noma suka yaɗa shi. Gonar da a da ba ta wuce 'yan fangali ba ta faɗaɗa, tumatir ya yawaita, motoci suka riƙa lodin kwanduna daga Hunƙuyi da Ikara zuwa Legas da sauran biranen kudu. Tagwayen hanyar Zariya zuwa Kano da ta bi ta Tashar Yari ta ƙara wa wannan ciniki ƙarfi. Sai dai daga nan abincin abin hawa da na injin gona ya daina fitowa daga gona. Ya koma abin da ake saye da tsabar kuɗi, farashinsa kuma ana yanke shi a nesa.

Babur da adaidaita

Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga tsohuwar mota 'yar Kwatano. A wannan matsi ne sana'ar acaɓa ta bunƙasa. Babura masu araha daga ƙasar Sin irin su Jincheng, sannan Bajaj na Indiya, suka mamaye ƙauyuka domin suna bin burtali da hanyar da ruwa ya cinye. Babur guda yana ɗaukar buhun taki zuwa gona, ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai 'yan biki ƙauyen gaba. Samari da yawa daga yankin sun riƙa tafiya cirani birane da shi. Keke mai ƙafa uku ya biyo baya a farkon shekarun 2000, aka san shi da Keke Napep, a Kano kuma da A Daidaita Sahu. Da Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, shi ne ya maye gurbin.

Jaki kuwa ya ja baya. Babur ya karɓe masa aiki, cinikin fatarsa zuwa ƙasar Sin kuma ya rage yawansa, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fata a Fabrairun 2024. Farashin fetur shi ma bai tsaya ba: naira 11 a 1994, naira 97 a 2012, naira 145 a 2016. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Kuɗin mota ya ninka, wasu suka jingine babura suka kakkaɓe tsofaffin kekuna, manoman rani da dama suka juya injinansu zuwa gas ɗin girki.

Shigowar lantarki

Mota mai lantarki ba sabuwar ƙirƙira ba ce. A wajajen 1900 kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin Amurka da batir suke tafiya. Arahar fetur da fitowar motar Ford mai sauƙin kuɗi a 1908 su suka ture ta gefe. Ta dawo ne bayan samuwar batirin litiyam da damuwar duniya kan hayaƙin da ke ɗumama yanayi. A 2024 an sayar da irin waɗannan motoci kimanin miliyan 17 a duniya, fiye da rabi a ƙasar Sin, kuma a shekarar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai.

A Najeriya, an nuna motar lantarki Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas a ƙarshen 2020. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta ƙaddamar da motocin haya masu lantarki a ƙarshen 2023.

Idan aka auna ta da sharuɗɗan nan uku, motar lantarki tana da sauran tafiya kafin ta zauna a Saulawa ko Gubuci. Wutar da ake rabawa a Najeriya duka ba ta cika wuce megawat 5,000 ba, kuma a Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi sama da mako cikin duhu bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Motar ba ta buƙatar baƙin mai ko fulogi ko kafireta, amma bakaniken da ya san cikinta bai yawaita ba, batirinta kuma shi ne mafi tsada a jikinta, zafi yana rage masa kwana. Tsaftarta ma tana da iyaka, domin ma'adinan batir haƙo su ake yi: yawancin kobal na duniya daga Kwango yake fitowa, ana kuma haƙar litiyam a Nasarawa da wasu sassan Kaduna.

Inda lantarki ya riga ya samu shiga shi ne ta ƙananan abubuwa. Allon sola ya hau rufin masallatai da shagunan cajin waya da rijiyoyin burtsatse, ya kuma fara gangarawa fadama yana tuƙa famfon ban ruwa. A birane an fara ganin babur da adaidaita masu batir. Abin lura a nan shi ne, hasken rana ya yi kama da harawar jaki ta fuska guda: a gida ake samunsa.

Abin hawa da daraja

A kowane zamani abin hawa ya kasance ma'aunin arziki. Mai doki ya fi mai jaki a idon jama'a, ango mai sabon Raleigh ya yi tashe a zamaninsa, ya zo ya zama abin tausayi a gaban mai Honda, shi ma mai Fijo ya shafe shi. Darajar ba ta daɗewa a kan abu guda, shi ya sa mai bin ta ba ya hutawa. Hausawa sun bambanta arziki da rufin asiri, suka kuma fifita wadatar zuci a kan tarin kaya. Karin maganar da zamanin mota ya haifa ma cewa ta yi, wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci.

A ƙauyukan yankin akwai wani lissafi da ya fi na nuna isa ƙarfi. Manomi yakan sayi babur da kaka bayan ya sayar da amfanin gona, ya mora shi da rani, in damina ta kawo kai ya sayar ya sayi taki. Abin hawa a wurinsa asusu ne kuma kayan aiki. Matashin da ya karɓi adaidaita bashi yana biyan balas kullum shi ma ba ƙawar abin yake dubawa ba, abin da ya rage masa bayan mai da gyara da balas shi ne cefanen gidansa. Da wannan ma'auni aka karɓi keke da babur da injin ban ruwa, da shi kuma za a auna duk abin hawan da ke tafiya da batir. A kasuwannin Ikara da Makarfi da Hunƙuyi, jaki da keke da babur da tirela har yau suna sauke kaya a fili ɗaya, kowanne yana yin aikin da ya fi sauran araha a kansa.