Hazo da Sanƙarau a Ƙasar Zamfara

Kurya Madaro gari ne na manoma a ƙasar Ƙaura Namoda, can arewacin Zamfara, inda hanya ke miƙawa Shinkafi da Zurmi. Mutanensa suna noman gero da dawa da gyaɗa, sun kuwa san iskar kowane lokaci kamar yadda suka san gonakinsu. Da damina iska takan fito daga kudu maso yamma, tana ɗauke da laima. Da an kawar da amfanin gona sai ta juya, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Wannan shi ne hunturu, shi ne kuwa ke kawo hazo, har rana ta zama kamar farin faifai, mai tafiya bai hango rimin da ke bakin gari ba sai ya iso kusa da shi.

Yawancin wannan ƙura ba ta ƙasar Zamfara ba ce. Asalinta wani babban kwari ne a hamada, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, ana ce da shi Bodele. A zamanin da ruwa ne ya cika shi. Da ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashe ta, ta watsa bisa ƙasar Hausa, wata har ta ƙetare teku. Ba a rasa amfaninta ba, gama inda ta sauka takan ƙara wa gona ƙarfi. Amma a jikin ɗan Adam ɓarna take yi.

Ga yadda abin yake. Busasshiyar iska da ƙura sukan busar da hanci da maƙogwaro, su tsattsage su. Akwai kuwa wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, wadda ke zaune a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta cuce su ba. Idan ta sami kafa sai ta shiga jini, ta hau kan rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, wuya ya sanƙare. Shi ya sa aka sa mata suna sanƙarau. Da ɗari kuma mutane kan cunkushe cikin ɗaki guda, a toshe taga, a hura wuta, tarin wani ya faɗa wa wani. Cutar takan fara cikin hunturu, ta yi tsanani da bazara, ruwan farko na sauka ta lafa.

Annobarta ta farko da likitoci suka rubuta a Nijeriya ta Arewa ita ce ta 1905. Ta komo a 1921, ta kuma komo da ƙarfi a 1949 da 1950. A 1963 wani likita Bafaranshe, Lapeyssonnie, ya nuna cewa cutar tana da yankinta, wanda a yau aka san ya miƙe tun daga Sanagal har Habasha, ƙasar Zamfara kuwa tana cikinsa. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000.

A 2011 aka fara yi wa yara da samari wata sabuwar allura, wadda ta karya irin ƙwayar da ta saba kawo annoba. Jama'a suka ɗauka an huta. Ashe ƙwayar iri-iri ce. A ƙarshen 2016 wani iri dabam ya ɓulla a ƙasar Zurmi, ya bazu Zamfara da Sakkwato da Katsina da maƙwabtansu. Kafin daminar 2017 ta kwantar da shi, ya kama fiye da mutum 14,000, ya kashe fiye da 1,100, yawancinsu yara. A 2024 Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da allura guda mai tsare iri biyar.

Ba mai ikon hana hunturu busowa, amma tarihin nan ya nuna inda ikon magidanci yake. Ya kai 'ya'yansa allura tun da kaka, ya rage cunkoso a ɗakin kwana, ya bar taga a buɗe ko da kaɗan, ya rufe hanci da rawani ran da hazo ya yi kauri. In yaro ya kwana da zazzaɓi, ya kasa sunkuyar da kai, a kai shi asibiti a ranar, gama sanƙarau kan kashe cikin kwana ɗaya ko biyu. Riga-kafi ya fi magani.