Shin girman ƙaho yana faɗin shekarun dabba?

A kasuwannin dabbobi na Talata Mafara, Bakura da Maradun, haka kuma a tsakanin mafarauta, an daɗe da ɗaukar ƙaho a matsayin shaidar shekaru. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zance, amma ƙaho shi kaɗai ba ya isa hujja.

Ƙaho iri biyu ne

Barewar ƙasashen sanyi, irin ta Turai da Amurka, ƙahonta ƙashi ne zalla mai rassa. Yakan faɗi kowace shekara, sabo ya tsiro cikin 'yan watanni. Wannan dangin ba ya cikin namun dajin Afirka kudu da Sahara. A tsaunukan Atlas na Arewacin Afirka kaɗai ake samun irinsa.

Barewar ƙasar Hausa, da gwanki, da gada, da mazo, 'yan uwan shanu da awaki ne. Ƙahonsu ƙashi ne daga ciki, lulluɓe da kwasfa irin ta kofato. Ba ya rassa, ba ya faɗuwa, kuma in ya karye ba ya komawa yadda yake.

Abin da shekaru ke yi

A barewar Amurka mai farar wutsiya, ƙahon namiji yana ƙaruwa shekara bayan shekara har ya kai ƙololuwa wajen shekara 5 zuwa 7, daga nan tsufa kan sa ya ja baya. Yawan rassa ba lissafin shekaru ba ne: matashin da ya ƙoshi kan fi tsohon da ya sha yunwa rassa. Abubuwa uku ne ke haɗuwa, wato shekaru, abinci da gado. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma haka abin yake ga ƙaho.

Gwanki da barewarmu kuwa sun fi samun tsawon ƙaho a ƙuruciya, in sun manyanta sai tsiron ya ragu, tsinin ya riƙa cinyewa saboda karo da gogayya. Zobban da ke jikin ƙahonsu ba ɗaya-ɗaya suke fitowa duk shekara ba.

A kasuwar shanu

Nan ne kuskure ke jawo asara. Jan sa na Bororo ɗan shekara uku kan fi tsohon Gudali na Sakkwato tsawon ƙaho, domin Gudali ba su da dogon ƙaho a halittarsu. Wannan ya shafi layya: a mazhabar Malikiyya sai sa ya cika shekara 3 ya shiga ta 4, rago kuwa shekara 1.

Haƙori ya fi ƙaho gaskiya. Saniya na da haƙoran gaba 8 a muƙamuƙin ƙasa. Biyun tsakiya kan sauya zuwa na girma wajen shekara 2, sauran su biyo baya bibbiyu, har su cika wajen shekara 5.

Abin da farauta ke jawowa

Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2003 kan ragunan tsauni a lardin Alberta na Kanada ya gano cewa shekara 30 ana harbe masu manyan ƙaho ta sa ƙahon 'yan baya ya ƙanƙance, domin an kashe iyayen tun ba su gama yaɗa iri ba.

A Zamfara lamarin ya fi haka tsanani. Barewa mai jan goshi tana cikin dabbobin da hukumar IUCN ta sa a jerin masu fuskantar barazana. Najeriya na da dokar kare irin waɗannan dabbobi tun 1985, an kuma gyara ta a 2016. Amma dazuzzuka irin Kuyambana, da aka keɓe domin namun daji, sun zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma doka ba ta aiki a inda ma'aikacin gandun daji ba ya iya sa ƙafa.