Dr. Seuss: Marubucin da Ya Koya wa Yaran Amurka Karatu da Kalmomi 236

Theodor Seuss Geisel, wanda duniya ta fi sani da Dr. Seuss, marubucin littattafan yara ne kuma mai zane ɗan ƙasar Amurka. An haife shi ranar 2 ga Maris, 1904, a birnin Springfield na jihar Massachusetts, cikin iyali masu asalin Jamus. Ba likita ba ne. Seuss sunan dangin mahaifiyarsa ne, laƙabin dakta kuwa shi ya maƙala wa kansa, sai daga baya Kwalejin Dartmouth, inda ya kammala karatu a 1925, ta ba shi digirin girmamawa.

Daga Dartmouth ya wuce Jami'ar Oxford a Ingila da nufin zama malamin adabi, amma ya baro ta ba tare da digiri ba. A can ya haɗu da Helen Palmer, wadda ta lura cewa zane ya fi karɓarsa, suka yi aure a 1927. Ya shafe shekaru yana cin abinci da zanen tallace-tallace, musamman na maganin sauro na feshi mai suna Flit.

Littafinsa na farko na yara, And to Think That I Saw It on Mulberry Street, ya fito a 1937 bayan kamfanonin ɗab'i fiye da 20 sun ƙi karɓarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya zana wa jaridar PM ta New York zanen barkwanci na siyasa sama da 400, kafin ya shiga sashen fina-finai na rundunar sojin Amurka a 1943.

Aikin da ya fi ɗaukaka sunansa ya samo asali ne daga wata damuwa da ta addabi iyaye da malamai. A 1954 marubuci John Hersey ya wallafa maƙala a mujallar Life, inda ya ɗora laifin raunin karatun yara a kan littattafan firamare marasa armashi, waɗanda ba sa jan hankalin yaro ko kaɗan. Sai William Spaulding na kamfanin Houghton Mifflin ya miƙa wa Geisel jerin kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya ganewa, ya nemi ya rubuta labarin da yaro ba zai iya ajiyewa ba. Aikin ya ci masa watanni. A 1957 The Cat in the Hat ya fito da kalmomi daban-daban 236 kacal, labarin wata kyanwa mai doguwar hula da ta hargitsa gida iyaye ba sa nan. Sirrin littafin shi ne amsa-amo da kari irin na waƙa: yaro na jin sautin kalmar da ta gabata, sai ya iya hasashen wadda ke tafe, ya karanta ta da kansa. Bayan shekara uku mawallafinsa Bennett Cerf ya ƙalubalance shi da ya rage adadin, shi kuwa ya fito da Green Eggs and Ham da kalmomi 50.

Ya kuma taɓa manyan batutuwa: The Lorax na 1971 kan sare itatuwa ne da gurɓata muhalli. A 1984 aka ba shi kyautar Pulitzer ta musamman. Bai haifi 'ya'ya ba. Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 1991, a La Jolla ta jihar California, ya bar littattafai fiye da 60 da aka sayar da kwafi sama da miliyan 600.

Sai dai tarihinsa na da tabo. Wasu zane-zanensa na farko sun siffanta baƙar fata da mutanen Asiya cikin ƙasƙanci, kuma a lokacin yaƙi ya yi zanen da ke nuna Amurkawa 'yan asalin Japan a matsayin maciya amana. A ranar 2 ga Maris, 2021, kamfanin da ke kula da ayyukansa ya sanar da daina buga littattafai shida saboda irin waɗannan hotuna. Cikinsu har da littafinsa na farko, da kuma If I Ran the Zoo na 1950, wanda ya zana 'yan Afirka a siffa ta wulaƙanci. Sauran littattafansa ana ci gaba da buga su.