Yadda injin casa ya koyi faɗin ciwonsa

In ka taɓa tsayawa gaban tsohon injin casar shinkafa a Argungu ko Birnin Kebbi, ka san da kunne da hanci ake gane ciwonsa: bel ya sauya kuka, waya ta yi ƙauri, sai a ruga a kashe. Sau tari an makara.

Dabarar inji ya tsayar da kansa kuwa ta girmi kwamfuta. Tun 1924 Sakichi Toyoda na Japan ya kammala masaƙar da ke tsayawa da zarar zare ya tsinke. Manyan masana'antun shinkafa, irin wadda Yemi Osinbajo ya buɗe a Argungu a Agustan 2017, wannan tunanin suka gada. Na'urar sarbo tana gwada juyin da ta umarta da wanda injin ya yi. In tazarar ta yi yawa, ko zafi, ko wuta ta yi ƙasa, sai ta tsaya ta nuna lamba.

To, rubuta lambar kafin ka danna komai. In ta zafi ce, leƙa fanka, wataƙila buntu ya toshe ta. In ta ƙarancin wuta ce, tambayi yaushe aka koma janareta. Ka yi ta sake kunnawa ba bincike, koyil ne zai ƙone, shinkafar manoma na jiƙe tana jira.