Abin da ke Ƙasan Buhu: Tarihin Kiyaye Ingancin Kaya a Ƙasar Gumel

Kowa ya taɓa zama a rumfar kasuwa ya san ana taya kaya a fili, a yi albarka, a sallama, amma mai saye ba ya sanin abin da ke ƙasan buhu sai ya kai shi gida. Nufina cikin wannan 'yar takarda shi ne in bi diddigin hanyoyin da aka bi a ƙasar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, don a tabbata ƙasan buhu ya yi daidai da bakinsa. Mai karatu zai ga cewa kaya ba su taɓa gyaruwa don wa'azi kaɗai ba. Sukan gyaru ne in an san mai su, kuma in akwai bambancin kuɗi tsakanin mai kyau da marar kyau.

Bari mu fara da kanwa. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya ratsa ta Gumel cikin watan Maris na 1851, ƙasar tana bin Barno, ya kuma tarar garin babbar matattara ce ta fataucin kanwa, wadda ake kawowa daga gabas a wuce da ita Kano, har Nufe. A wancan zamani ba sikeli, ba hatimi. Abin da fatake suka dogara a kai shi ne suna. Akwai jar kanwa, akwai fara, akwai ungurnu, akwai gwangwarasa, kowace da kuɗinta da amfaninta, wata ta miya, wata ta dabbobi, wata ta magani. Haka gishiri: mangul na ƙasar Manga dabam yake da kantu da beza na Bilma. Ga mai nazarin harshe wannan abin lura ne, domin yawan sunayen abu guda shaida ce cewa mutane sun daɗe suna rarrabe darajarsa. Wanda ya sayar da wata da sunan wata ya yi algus, kalmar da muka aro daga Larabci tare da hukuncinta. Littattafan fiƙihun Malikiyya, irin su Risala, waɗanda ake karantawa a Barno da ƙasar Hausa baki ɗaya, sun ba mai saye damar mai da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa.

Amma fa shari'a ba ta aiki sai an ga wanda za a kama. Nan ne amfanin dillali da fatoma ya bayyana. Baƙo ya zo daga nesa, gobe ya tafi, shi kuwa dillali ɗan gari ne, yana nan kullum, kuma la'adarsa ba ta kai darajar sunansa ba. Har wa yau ana ganin wannan a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, inda ake kawo shanu da raƙuma da tumaki da awaki daga Nijar. A buɗe bakin sa a ƙidaya haƙoransa, a tafiyar da shi a ga ko yana ɗingishi, a shafa doronsa. Abin da ido ba ya gani kuwa, watau ko dabbar ta sata ce, dillali ke ɗaukar nauyinsa. Daga baya hukuma ta ƙara tata shaidar. Cikin babban yaƙin da aka soma yi da bushiya a 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda kunnenta, mai saye ya gani da idonsa.

Zamani na biyu jirgin ƙasa ya kawo shi. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, reshen da ya bi ta Ringim da Gagarawa kuma ya kai Nguru a 1930. Daga nan gyaɗar da aka noma a ƙauyen Sule Tankarkar tana iya ƙarewa a injin matsar mai a Ingila. To, mai injin bai san manomi ba, manomi bai san shi ba, tsakaninsu kuwa ga 'yan baranda, ga wakilan kamfani, kowa yana neman rabonsa. Da yake da nauyi ake biya, sai aka sami masu zuba yashi da tsakuwa, da masu yayyafa ruwa. Akwai kuma aibin da ba na ha'inci ba ne: a turmi ake sussukar gyaɗa, ƙwaya ta farfashe, fasasshiyar ƙwaya kuwa manta yakan yi saurin lalacewa, balle ga buhunan da za su daɗe a dalar gyaɗa suna jiran jirgi.

Hukuma ta bi hanya biyu. Ta farko ita ce tsaro: aka sa ma'aikatan duba amfanin gona, su soka buhu su ɗebi samfuri, su tankaɗe, su auna datti, wanda ya ci jarrabawa a ɗinke shi a sa masa hatimi. Ta biyu ita ce kuɗi. An kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa ta Nijeriya a 1949, a 1954 aikinta ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Wajen tsakiyar shekarun 1950 wannan hukuma ta sa ƙarin kuɗi a kan gyaɗar da akasarin ƙwayarta ba ta fashe ba. Ba a daɗe ba injin ɓare gyaɗa na hannu ya bazu cikin ƙauyuka, aka jingine turmi. Abin da shekaru na gargaɗi suka kasa yi, 'yan sulalla a kan buhu suka yi shi cikin 'yan damuna kaɗan. Irin wannan dabara aka bi wajen kirgi da fata, da aka riƙa fifita wanda aka shanya a rataye cikin inuwa bisa wanda aka shimfiɗa a ƙasa cikin rana.

Kada a ɗauka hukumar nan ba ta da laifi. Kuɗin da take ba manomi sau da yawa bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuwa gwamnati ke juya ta. Mutanen bakin iyaka kamar Maigatari sun fi kowa sanin haka, gama gyaɗa takan ƙetare zuwa duk ɓangaren da farashi ya fi. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka karya cinikin, a 1986 kuma aka rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya so, amma ƙayyadadden bambancin kuɗi tsakanin lamba ɗaya da lamba biyu ya bi hukumar.

Zamani na uku, wanda muke ciki, aibinsa ba ya ganuwa. Tun a 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Bincike ya gano dafin da ake kira afilatoksin, wanda wata irin fumfuna ke haifarwa in gyaɗa ba ta bushe sosai ba. Dillali komai gwanintarsa ba ya iya ɗanɗano shi, sai ɗakin gwaji. Haka maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an sami ragowar maganin nan da muke kira fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙa'ida, a 2016 kuma aka ƙara wa hanin shekara uku. Ba a tambayi wane ne ya zuba, wane ne bai zuba ba. Wake ɗaya ya ɓata gari, manomin da ya adana nasa da toka irin na kakanninsa ya sha hukunci tare da mai laifi.

Wannan ya shafi ƙasar Gumel ƙwarai, domin riɗi da zoɓo sun gāji gyaɗa. Riɗi yana zuwa Japan da Sin da Turkiyya, zoɓo yana zuwa Meksiko, masu sayen nan kuwa gwaji suke yi kafin su karɓa. Muna da hukumomi, akwai ta ƙayyade ingancin kaya tun 1971, akwai ta kula da abinci da magunguna tun 1993. Dabarun ma akwai su, kamar buhun nan mai ruɓi uku da aka soma yaɗawa a 2007, wanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba. Abin da ya rage shi ne abu biyun nan da muka gani a baya. In mai saye a kasuwar ƙauye ya biya riɗin da aka shanya a kan tamfol daidai da wanda aka share daga ƙasa, sa'an nan ya juye su cikin buhu guda, to, ya koya wa manomi cewa tsabta wahala ce ta banza, ya kuma ɓatar da sunan mai kaya.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Tarihin ƙasar Gumel ya nuna ana bukatar a ƙara da cewa sai nagari ya mai da kuɗi gidan wanda ya noma shi. Ranar da buhun riɗi zai tashi daga Gagarawa ɗauke da sunan ƙauyen da ya fito, aka kuma biya manominsa gwargwadon tsabtarsa, ranar ce za a ce ɗakin gwaji ya karɓi aikin da dillalin kanwa ya riƙe a kasuwar Gumel a 1851.